Ɗantani Mai Tebur da Gajeren Sigari

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar garinmu, nan ƙasar Bebeji, ya ga Baba Ɗantani ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan mai farar hula da ke zama a gindin mangwaro, hannun dama in ka fito daga motar Kano, gabansa teburin katako da aka tokare ƙafarsa ɗaya da dutse. A kan teburin akwai alewa da biskit, sabulu, omo ƙulli-ƙulli, reza, batir, goro a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, sai kuma sigari a gefe guda. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wurin. Mangwaron ma shi ya dasa shi da hannunsa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya riƙa zuba masa ragowar ruwan alwala har ya yi inuwa. Amma wurin ba nasa ba ne. Filin tasha ne, kuma Sarkin Tasha ke da ikon cewa wane ya zauna nan, wane ya tashi. A bara aka ba shi kwana bakwai ya tashi.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Tudun Wada, gidan manoman dawa da masara. Da ya zama saurayi noma bai riƙe shi ba, ya gangaro Bagauda ya shiga kamun kifi. Waɗanda suka san shi a lokacin suna cewa in komar kifi ta maƙale a ƙasan ruwa shi ake kira, ya nutse ya daɗe har a fara salati, sannan ya ɓullo da ita yana dariya. Numfashin nan ne ya fara gudunsa tun yana da shekara talatin da 'yan kai. Ya kasa nutso, daga baya tuƙin kwalekwale ma ya gagare shi, sai ya sayar da komarsa ya sayi tebur.

Matarsa, Iya Luba, maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ita ta faɗa min inda ciwon ya samo asali. Yana da shekara tara wani kawunsa mai suna Jibrin ya riƙa miƙa masa karan sigari yana cewa, “Shiga ciki ka kunno min.” Yaro ya je bakin murhu, ya ɗora kan sigarin a garwashi. Sigari kuwa ba ya kamawa sai an zuƙa. Zuƙa ɗaya ta kunnawa, ta biyu don kada ya mutu a hanya, ta uku kuma ba ta da dalili. Daga nan ya sha shekara arba'in da biyar, sai da tari ya kwantar da shi wata uku sannan ya bari. Ya bar sha, bai bar sayarwa ba. Iya Luba ta ce ta taɓa yi masa magana, ya ce mata mai sayen sigari shi ne mai sayen goro da alewa, in ya kore shi ya kori abincin gidan. Ban faɗi wannan don in wanke shi ba. Haka abin yake, kuma shi ma bai taɓa cewa daidai ne ba.

Ni na ga abin da ya faru ne daga shagon ɗinkin yayata Hasiya, wanda ke kallon tashar. Na gama jami'a ina jiran kiran bautar ƙasa, sai nake zuwa in taya ta sa maɓalli da kalmasa. Kujerata tana bayan labule, inda ba a ganina, amma ina hango komai tun daga gindin mangwaro har rumfar kwano da Sarkin Tasha yake zama da 'yan kamasho.

A tasharmu, kamar ko'ina a wajenmu, babba ba ya tashi in akwai yaro a kusa. Ruwa, goro, katin waya, duk aike ne. Yaron da aka aika kuwa ba shi ake kallo ba, wanda ya aiko shi ake kallo. In ka mayar da shi hannu wofi, mai aiken ka wulaƙanta. Sigari ma yana cikin aike. Sai dai shi yana da ƙari: kowane mai tebur yana da layita ɗaya da ya ɗaure da zare a ƙafar teburinsa don kada a yi gaba da ita, kuma mai sayen kara ɗaya ba ya sayen ashana. Saboda haka yaron da aka aiko a nan gaban tebur yake kunnawa, ya kai a kunne. Kowa yana gani, ba wanda ya ɗauke shi komai. Baba Ɗantani har alewar tari yake ba kowane ɗan aike, kyauta, ya ce ladan ƙafa.

Sarkin Tashar namu sunansa Balarabe, tsohon direban motar tumatir, ƙato mai murya, shekarunsa ba za su wuce arba'in da biyar ba. Ba mugu ba ne. Shi ke raba faɗan direbobi, shi ke tara wa wanda motarsa ta faɗi gudummawa. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, a raina shi a gaban mutane. Yana da ɗa, Zayyad, ɗan shekara goma, da yake biyowa ta tasha in an taso daga makaranta kafin lokacin Islamiyya, kuma shi yake aika.

Wata Talata da la'asar Balarabe ya tako da kansa har gindin mangwaro, abin da ba ya yi.

“Baba Ɗantani, wai yaushe ka fara yanke wa sigari kai?”

“Ranka ya daɗe, wane irin yanka kuma?”

“Gajeru ne. Da can tare nake gama shi da kofin shayi. Yanzu shayin bai huce ba na kai gindi.”

Dije, Bafulatanar da ke ajiye ƙwaryar nononta a inuwar mangwaron, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, “Ko dai bakin Sarki ne ya ƙara faɗi?”

Aka yi dariya, har da shi. Baba Ɗantani ya zaro kara biyu daga kwali daban-daban, ya jera su a tafin hannu, tsawonsu ɗaya. Balarabe ya duba, ya ce to masu yi ne suka fara ha'inci, ya koma rumfarsa. Kowa ya manta da maganar, ban da tsohon.

Washegari da Zayyad ya zo, ya saya, ya kunna, ya karɓi alewarsa ya ruga, Baba Ɗantani ya bi shi da ido. Yaron bai miƙe zuwa rumfa ba. Ya ratse ta bayan tarin raken da ke jiran mota. Tsohon ya ɗauki butarsa kamar zai yi alwala, ya ɗingisa ya leƙa. Su uku ne, Zayyad da abokansa biyu, a tsugune, sigarin yana zagaya su. Ɗaya yana tari a cikin rigarsa don kada a ji. Da suka gama, Zayyad ya fasa alewar da haƙori ya raba musu, kowa ya jefa a baki saboda wari, sannan ya ruga ya kai wa ubansa abin da ya rage.

Dole in faɗi nawa laifin. Sati uku ke nan ina ganin yaran nan daga bayan labule. Kullum sai in ce gobe zan faɗa wa Yaya Hasiya, gobe ta zo in kasa. Wa zan je in tsaya a gabansa in ce ɗan Sarkin Tasha yana shan sigari?

Baba Ɗantani ya dawo ya zauna, bai yi alwalar ba. Ya daɗe yana kallon ƙafar teburinsa. Can ya ɓare reza sabuwa daga cikin na sayarwa, ya sunkuya ya yanke zaren, ya jefa layitar a aljihu.

Kashegari Alhamis ce, ranar kasuwarmu. Yaron farko da ya zo wani kwandasta ne ya aiko shi. Tsohon ya ce, “Koma ka ce masa ya zo da kansa.” Kafin azahar ya mayar da yara shida, tasha ta ɗauki surutu. Na bakwai shi ne Zayyad. Ba a jima ba sai ga Balarabe, yaron na bayansa, 'yan kasuwa suka bar ciniki suka juyo.

“Baba, ni ka mayar wa ɗan aike?”

“Ban mayar da aikenka ba, Sarki. In goro ne ga shi, in sabulu ne ga shi. Sigari ne ba zan ƙara sa wa yaro a hannu ba.”

“Ɗana ne. Ni na aiko shi.”

“Na sani.”

“To me ya yi maka?”

Baba Ɗantani ya dubi Zayyad. Yaron ya ƙanƙame bayan rigar ubansa, idanunsa kamar za su faɗo.

“Bai yi komai ba. Ni ne na yi, shekara talatin da ɗaya.”

Balarabe ya sassauta murya, abin da ya fi tsawarsa ban tsoro. “Baba, ka haife ni, ina ganin girmanka. Amma tun da na hau kujerar nan ba a taɓa mayar min da aike ba, balle ranar kasuwa. Nan da kasuwa mai zuwa, ko ka koma yadda kowa yake yi, ko ka ɗauke teburinka. Mutum uku ke roƙona inuwar nan.”

Da yamma, bayan magariba, ina wanke-wanke a tsakar gidanmu na jiyo Baba Ɗantani da matarsa ta katanga.

“Malam, ka faɗa masa abin da ka gani mana,” in ji Iya Luba. “Kalma ɗaya ce.”

“In na faɗa zai zane yaron da bel ɗin mota. Yaron ya koyi ɓuya mai kyau, gobe a aiki ƙanensa. Ni ma Kawu Jibrin da ya kama ni ya doke ni sai da na kasa zama. Da gari ya waye ya sake miƙo min, ya ce in kunno.”

“To ina za mu koma? Da wannan gwiwar za ka ɗauki tire ka shiga gari talla?”

“Allah na nan, Luba. Zuba min tuwon.”

Ranar Juma'a da hantsi wani direba matashi, Ismail, ya aiko wani yaro. Na ajiye allura ina jiran in ga ko za a sake mayar da shi. Baba Ɗantani ya karɓi kuɗin, ya ba yaron alewa, ya ce, “Je ka abinka, ka gama naka.” Ya ce wa Dije ta duba masa tebur. Ya zari kara ɗaya, ya dogara sandarsa, ya miƙe. A hankali ya ratsa tsakiyar tasha yana jan ƙafar hagu, tsakanin babura da buhunan masara, har inda Ismail yake kishingiɗe a kan benci. Ya durƙusa a gabansa, gwiwar tana ƙara, ya miƙa masa da hannu biyu.

“Direba, ga aikenka.”

Ismail ya zabura kamar ya zauna a kan garwashi. “Subhanallahi. Baba, tashi, don girman Allah tashi.”

“Ai aike ka yi. Na hana yaron, kuma ba na mayar da aike. Daga yau ni ne yaron.”

“Wallahi ban aike ka ba, Baba.”

Dije ta ɗaga murya daga gindin mangwaro, “Ismail, yau ka aiki kakanka. Gobe kuma wa za ka aika, liman?”

Tasha ta kwashe da dariya. Ismail ya ɗaga tsohon, ya rako shi har teburinsa yana riƙe da hannunsa, kansa a ƙasa. Har yamma abokansa suna ce masa mai aiken tsofaffi.

A wajenmu babu kunyar da ta kai a ce mai furfura ya yi maka aikin yaro a gaban jama'a. Al'adar da ta sa ba a mayar da ɗan aike, ita ce kuma ta hana a aiki wanda ya girme ka, kuma Baba Ɗantani ya girmi kowa a tashar. Ba wanda zai ce an wulaƙanta shi, tunda aikensa ya iso har hannunsa. Amma ba wanda yake son ya iso. Zuwa Lahadi abin ya zama kallo. Da zarar tsohon ya kai hannu ga sanda, sai ka ga wani ƙato ya taso a guje daga ƙarƙashin mota yana cewa, “Zauna, Baba, zauna, ga ni nan.”

Sai dai ba kowa kunya ta kama ba. Akwai wani mai tebur a bakin ƙofar tasha, Mainasara, wanda layitarsa tana nan a ɗaure, kuma duk wanda ba ya son tasowa sai ya tura yaro can. Mai sayen sigari ya tafi da goronsa da alewarsa, kamar yadda tsohon ya taɓa faɗa. Akwai kuma waɗanda suka riƙa aiko masa da gangan don su ga iya inda zai kai. Ranar Litinin na ƙirga, sau goma sha tara ya ratsa tashar. Gwiwar ta kumbura ta cika wando. Iya Luba ta aro ganyen maganin mahaifiyata ta gasa masa, ina jin tana faɗa tana kuka ƙasa-ƙasa.

Balarabe kuwa ya mayar da aikensa wajen Mainasara. Ranar Talata aka ji shi yana mita cewa na Mainasara ma gajeru ne.

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya, irin wanda yake sha ya ƙare a teburin Mainasara. Ko don haka ne, ko don ya gwada tsohon, Balarabe ya turo Zayyad gindin mangwaro da tsakar rana. Baba Ɗantani ya karɓi kuɗin ya kai hannu ga sanda. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ya daɗe a hanya, sau biyu yana tsayawa ya nemi numfashi, yaron yana biye da shi a baya kamar wanda za a kai wa alƙali. Ya shiga rumfar ya durƙusa.

Balarabe bai tashi ba, amma bai iya kallon fuskarsa ba. Ya karɓi sigarin ya juya shi a hannu.

“Ka ga cikakken sigari,” ya ce, don dai ya sami abin faɗa.

“Haka yake barin teburina kullum, Sarki. Na Mainasara ma haka.”

“To iska ce ke cinye shi a hanya.”

“Taku tamanin ne daga wajena zuwa nan. Gwiwata ta ƙirga. Wata rana ka gwada ka ga abin da iska take ci.”

Ya yunƙura zai tashi ya kasa. Ismail ne ya zo ya ɗaga shi.

Da la'asar na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsallaka titi na je wajensa. Na gaishe shi, na tsaya ina murza bakin hijabina, da ƙyar na ce na ga yaran ni ma, kuma in yana so zan faɗa a gaban Sarki. Na ƙara da cewa akwai doka a ƙasar nan da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara goma sha takwas ba.

“Ashe har da doka? To ba ta taɓa sauka a tashar nan ba.” Ya yi murmushi. “Na gode, Malama. Ki riƙe abin da kika gani. In bakin wani ya faɗa masa, a kan yaron zai huce. Bar shi ya gani da idonsa.”

“In bai gani ba fa, Baba?”

“Sai in roƙe ki ki riƙa ba mangwarona ruwa.”

Ranar Alhamis motocin Doguwa suka cika tasha da masara da dankali. Baba Ɗantani ya zo da baro da igiya, ya jingine su a jikin bishiyar, sannan ya shimfiɗa kayansa kamar kullum. Kowa ya gane ma'anar baron. Da hantsi Balarabe ya fito daga rumfa, 'yan kamasho biyu na bayansa. Na ce wa Yaya Hasiya zan sayo reza, alhali akwai guda uku a shagon, na tsallaka na raɓe a bayan Dije.

Balarabe ya yi sallama, ya dubi baron, ya ce, “Ba ni kara ɗaya. Da wuta.”

Ya kunna da zuƙa ɗaya. Ya cire shi daga baki, ya riƙe shi a tsaye tsakanin yatsu biyu, ya juya ya nufi rumfarsa, ba sauri, bai ƙara kai shi baki ba. 'Yan kamashon suka tsaya suna kallon juna. Da ya isa ya tsaya ya ɗaga sigarin daidai idonsa. Abin da wuta ta ci bai kai faɗin farce ba.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dubi hanyar da ya biyo, ya dubi tarin rake, wuri ɗaya tilo da ido ba ya kaiwa tsakanin tebur da rumfa. Ya taka ya zagaya bayansa. Da ya fito hannunsa cike yake da ledojin alewar tari. Ya dawo gindin mangwaro, ya tsuguna a gaban tsohon, ya yi magana yadda ni da Dije kawai muka ji.

“Baba, tun yaushe ka sani?”

“Kwana takwas.”

“Ka yarda a tashe ka, ba ka faɗa ba.”

“Alfarma ɗaya nake roƙo, Sarki. Kada ka taɓa shi. Ba shi ya aiki kansa ba, kuma ba shi ya ɗaure wuta a ƙafar tebur ba. Ni da kai ne.”

Balarabe ya murƙushe sigarin a ƙasa da babban yatsa. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ce, “Na ɗauka.” Ya miƙe ya haye kan wata tsohuwar tayar mota, ya buɗe muryar nan tasa da ake ji har bakin titi. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce daga yau duk wanda ya aiki yaro sayen sigari a tashar nan, motarsa za ta koma ƙarshen layi. Duk mai teburin da ya sa wa yaro sigari a hannu, ko da ubansa ne ya aiko shi, ranar zai kwashe kayansa. Ya ce wannan inuwar kuwa ta Baba Ɗantani ce muddin yana raye, wanda yake so ya je ya dasa nasa. Sannan ya ƙwala wa Mainasara kira ya ce ya yanke zarensa yanzu, kowa yana gani.

“Sarki, ai sace layitar za a yi,” in ji Mainasara.

“Sa ta a aljihu,” in ji Dije. “Ba a taɓa ganin abin da ya shiga aljihunka ya fito ba.”

Ismail ne ya fara tafi, 'yan acaɓa suka kama danna oda, masu dankalin Doguwa da ba su san kan zancen ba su ma suka taya. Baba Ɗantani ya sunkuya yana yayyafa wa goronsa ruwa. Balarabe ya sauko daga tayar, ya kama baron nan da kansa, ya tura shi babu komai a ciki har ƙofar gidan tsohon. Mahaifiyata ta ce lokacin da Iya Luba ta leƙo ta ga Sarkin Tasha riƙe da baro wofi, sai ta rangaɗa guɗa, sannan ta tuna ba biki ake yi ba ta koma ciki da gudu.

Bayan kwana biyu Baba Ɗantani ya aiko min da guntun katako da fenti, ya ce tunda na yi boko in rubuta masa. Na rubuta: BA A SAYAR WA YARO SIGARI. BA A AIKO YARO. Balarabe ya sa aka kafa shi da ƙusa a ƙofar tasha, daidai saman teburin Mainasara.

Zayyad bai sha duka ba. Mahaifiyarsa ta faɗa wa Iya Luba cewa uban ya zaunar da shi a zaure sun daɗe, kuma wata guda cur shi yake riƙe hannunsa ya kai shi Islamiyya, ya biya gidajen iyayen sauran biyun ma. Yaron ya yi makonni yana zagaye gindin mangwaro ta nesa. Wata rana ya zo ya durƙusa ya gaishe da tsohon, aka ba shi biskit. Alewar tari kam an daina bayarwa.

Ba zan ce an gama ba. Cikin gari akwai shagunan da ikon Sarkin Tasha bai kai ba, kuma yaron da ya nace zai samu. Amma a tasharmu na yi wata biyar ina kallo kafin in tafi bautar ƙasa, ban ƙara ganin wuta a hannun yaro ba. Direbobi sun ɗauki labarin zuwa Kiru da Tudun Wada, Ismail ma ya rantse min cewa ya ga wani mai tebur a hanyar Doguwa da layitarsa a aljihu.

Da na zo hutun sallah na iske Baba Ɗantani a wurinsa, gwiwar ta sauka, mangwaron ya yi 'ya'ya. Guntun zaren yana nan a ƙafar tebur, bai kwance shi ba. Ina gaishe shi sai ga Balarabe ya iso a ƙafa, yana haki, ya zauna a gefen benci.

“Baba, tafiyar nan za ta sa in daina. Da goma nake sha, yanzu uku ma sai na yi shawara.”

“In ta yi maka nisa ka aiko, Sarki,” in ji tsohon, ya kai hannu ga sandarsa. “Ina nan.”

Balarabe ya yi maza ya riƙe sandar. “Ajiye, Baba. Ba ni goro kawai.”